Babi Na Bakwai: George Wallace, Gwamnan da Ya Tare Ƙofar Jami'a

A shekarar 1958 mutum biyu ne suka kai zagaye na biyu a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a jihar Alabama. A wancan zamani duk wanda ya sami tikitin wannan jam'iyya a Kudancin Amurka ya riga ya zama gwamna, babban zaɓe cika sharaɗi ne kawai. Na farko shi ne John Patterson, babban lauyan gwamnatin jihar, wanda shekara biyu kafin nan ya maka ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a kotu har aka hana ta aiki a jihar baki ɗaya. 'Yan Ku Klux Klan, ƙungiyar nan ta fararen fata masu rufe fuska suna kisan gilla, suna bayansa, shi kuma bai ce ba ya so ba. Na biyu wani ɗan gajeren alƙali ne mai shekara 38, George Wallace. Shi ma bai taɓa cewa a kawar da wariyar launin fata ba, don babu ɗan siyasar da zai furta haka a Alabama ya wayi gari da kujerarsa. Amma ya fito fili ya soki 'yan Klan, ya fi mai da hankali kan hanyoyi da makarantu da fanshon tsofaffi. NAACP ta nuna shi ta fi so. Da aka ƙirga, Patterson ya kayar da shi da ratar ƙuri'a fiye da 60,000.

Wani na hannun damansa, Seymore Trammell, ya ba da labarin abin da Wallace ya faɗa bayan wannan kaye. Ya ce Patterson ya fi shi iya zagin baƙar fata ne shi ya sa ya ci, kuma daga ranar babu wanda zai sake fin sa a wannan fage. Daga baya Wallace ya musanta cewa ya yi wannan magana. Musun bai da wani amfani, domin shekara goma sha biyar da suka biyo baya ya yi su ne yana cika alkawarin.

An haife shi ranar 25 ga Agusta 1919 a Clio, wani ɗan ƙaramin gari a gundumar Barbour, ƙasar auduga inda a da bayi ke noma. Mahaifinsa manomi ne da karayar tattalin arziƙin shekarun 1930 ta durƙusar. Yaron ya taso da ƙaramin jiki da zafin nama, har ya ci kambun damben jihar na masu ƙaramin nauyi sau biyu. Ya karanta shari'a a Jami'ar Alabama, ya gama a 1942, ya shiga sojan sama, ya yi aikin injiniya a jiragen B-29 da suka yi ruwan bama-bamai a Japan. A 1946 ya shiga majalisar dokokin jiha a matsayin yaron gidan Gwamna Jim Folsom, wani dogon mutum mai son talakawa wanda ke da sassauci ga baƙaƙen fata fiye da yawancin 'yan siyasar yankin. Sa'ad da wakilan Kudu suka fice daga babban taron Dimokurat na 1948 don fushi da batun 'yancin baƙaƙe, Wallace bai bi su ba. Ya zauna a kwamitin amintattu na makarantar Tuskegee, ta baƙaƙen fata. Da ya zama alƙali a 1953, wani lauya baƙar fata daga Selma, J. L. Chestnut, ya shaida cewa Wallace ne alƙali na farko da ya taɓa kiran sa da girmamawa a kotu kamar yadda ake kiran lauyoyi fararen fata, kuma yakan tilasta wa abokan hamayyarsa su yi haka.

Na kawo wannan duka ne don mai karatu ya san cewa mutumin ya san daidai. Ba a cikin duhu ya yi abin da ya yi ba.

Gwajin farko na sabon salonsa ya zo a farkon 1959. Hukumar kare 'yancin 'yan ƙasa ta gwamnatin tarayya ta nemi ganin rijistar masu zaɓe ta gundumomin Barbour da Bullock, don ta gano yadda ake hana baƙaƙe yin rijista. Wallace ya kwashe takardun ya riƙe, ya yi barazanar ɗaure duk jami'in tarayya da ya zo nema. Alƙalin tarayya da ya ba da umarnin a miƙa su kuwa shi ne Frank Johnson, abokinsa tun suna jami'a. Johnson ya ba da labarin cewa Wallace ya zo gidansa cikin dare yana roƙon a ɗaure shi na 'yan kwanaki kaɗan, don hakan zai taimake shi a siyasa. Johnson ya ce masa in ya ƙi bin umarni zai sha ɗauri na gaske. Sai Wallace ya bi ta bayan gida: ya miƙa takardun ga masu taimaka wa kotun gunduma, su kuma suka bar jami'an tarayya suka duba. Johnson ya wanke shi daga laifin raina kotu, yana mai cewa ai ya bi umarnin, ko da yake ta hanyar ɓoye. Wallace ya fito gaban 'yan jarida ya ce ya ja da gwamnatin tarayya ta ja da baya. Jama'a suka yarda. Duk siyasarsa a kan wannan dabara ta ginu: ya miƙa wuya a ɗaki, ya fito waje yana bugun ƙirji.

Ya ci zaɓen 1962. Ranar 14 ga Janairu 1963 ya tsaya a harabar majalisar jiha a Montgomery, daidai wurin da aka rantsar da Jefferson Davis a 1861 a matsayin shugaban jihohin Kudu da suka ɓalle don kare bauta. Nan ya yi shelar da ta bi shi har kabari: wariya yau, wariya gobe, wariya har abada. Wanda ya rubuta masa jawabin, Asa Carter, jigo ne a cikin 'yan Klan, mutanen da Wallace ya soka shekara biyar kacal kafin nan.

A watan Mayun shekarar duniya ta ga hotunan Birmingham, inda kwamishinan 'yan sanda Bull Connor ya saki karnuka ya kuma buɗe ruwan kashe gobara a kan yara 'yan makaranta. A cikin watan ne shugabannin Afirka, har da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, suka taru a Addis Ababa don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, kuma ƙudurin da suka zartar kan wariya ya ambaci Amurka da suna. Milton Obote na Yuganda ya aika wa Shugaba Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa. Abin ya dami Kennedy ƙwarai, don yana zawarcin sababbin ƙasashen Afirka a gasarsa da Tarayyar Sobiyat.

Sai ranar 11 ga Yuni. Kotu ta ba da umarnin Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa ta karɓi ɗalibai biyu baƙar fata, Vivian Malone da James Hood. Tun a yaƙin neman zaɓe Wallace ya yi alkawarin zai tsaya da kansa a ƙofar makaranta ya hana. Aka ajiye masa ɗan teburin jawabi a bakin zauren Foster, inda ake rijistar ɗalibai, aka rataya masa makirufo a wuya, aka tsara inda masu ɗaukar hoto za su tsaya. Rana ta take. Mataimakin ministan shari'a na tarayya, Nicholas Katzenbach, dogon mutum mai sanƙo, ya tako yana zufa ya tsaya a gabansa. Wallace ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya karanta takarda mai tsawo a kan 'yancin jihohi da kutsen gwamnatin tarayya. Katzenbach ya harɗe hannu yana saurare. Ɗaliban kuwa da gangan aka bar su a mota, don kada a ce gwamna ya tare su ido da ido, abin da zai tilasta a kama shi, wanda kuma shi ne zai fi masa daɗi. Daga nan aka wuce da su ɗakunan kwanan ɗalibai. Kennedy ya sa hannu ya mai da dakarun tsaron jihar ƙarƙashin ikon tarayya. Bayan 'yan sa'o'i kwamandansu, Janar Henry Graham, ya zo ya sara wa gwamnansa, ya ce masa cikin baƙin ciki aikinsa ne ya nemi ya kauce. Wallace ya ɗan yi magana, ya kauce, ya shiga mota. Ɗaliban suka yi rijista.

Bai hana komai ba, kuma tun da safe ya san ba zai hana ba. Abin da ya je nema ya samu: fuskarsa a talabijin a kowane gida a Amurka. Wasiƙu da saƙonnin waya suka yi ta kwarara ofishinsa, da yawansu daga jihohin Arewa, suna yi masa jinjina. Nan ne ya gane cewa hajarsa tana da kasuwa har a wajen Kudu.

Wasan kwaikwayo ne a wurinsa, amma waɗanda ke sauraren sa ba su ɗauke shi wasa ba. A daren ranar aka harbe Medgar Evers, jagoran NAACP a Mississippi, a ƙofar gidansa. A watan Satumba Wallace ya tura 'yan sandan jiha su rufe makarantun da kotu ta ce a haɗa yara a cikinsu. Ranar Lahadi 15 ga watan, 'yan Klan suka dasa bam a cocin Baptist na Titi na 16 a Birmingham, suka kashe 'yan mata huɗu: Addie Mae Collins da Cynthia Wesley da Carole Robertson, masu shekara 14, da Denise McNair mai shekara 11. Wallace bai dasa bam ba, bai kuma aiki kowa ba. Amma Martin Luther King ya aika masa saƙo cewa jinin yaran yana hannunsa, kuma a ganina King bai yi masa ƙazafi ba. Gwamnan da ya shafe wata takwas yana gaya wa mutanensa cewa umarnin kotu ba abin bi ba ne, ba shi da bakin cewa bai san inda maganar za ta kai ba.

A 1964 ya gwada sa'arsa a zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a Arewa. Ya sami kusan kashi 34 cikin ɗari a Wisconsin, kashi 30 a Indiana, kashi 43 a Maryland. Manyan jam'iyya suka kaɗu. Masu ba shi ƙuri'a a can ma'aikatan masana'antu ne, da yawansu jikokin baƙin haure daga Gabashin Turai, masu tsoron baƙaƙe za su shigo unguwanninsu da makarantun 'ya'yansu da wuraren aikinsu.

Shekara ta gaba aka yi Selma. A gundumar Dallas, inda garin Selma yake, baƙaƙen da suka isa zaɓe sun kai kusan 15,000, amma waɗanda aka bari suka yi rijista ba su wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Ranar 7 ga Maris 1965 mutum kusan 600, John Lewis da Hosea Williams a gaba, suka hau gadar Edmund Pettus za su taka zuwa Montgomery, tafiyar mil 54. Wallace ya riga ya haramta tattakin. 'Yan sandan jiha da mahaya dawaki na shugaban 'yan sandan gunduma, Jim Clark, suka afka musu da kulki da bulala da barkonon tsohuwa. An fasa wa Lewis ƙoƙon kai. Kwana shida bayan haka Shugaba Lyndon Johnson ya karɓi Wallace a Fadar White House. Waɗanda suka halarta sun ce ya zaunar da shi a kujera mai lotsawa, shi kuma ya jawo tasa ya sunkuyo a kansa kusan sa'a uku, yana ce masa ya daina tunanin zaɓen 1968, ya yi tunanin abin da za a rubuta a kabarinsa: mutumin da ya gina, ko mutumin da ya yi ƙiyayya. Tsohon abokinsa Frank Johnson ne ya ba da izinin tattakin, aka kuma kammala shi ranar 25 ga Maris da mutum kusan 25,000 a gaban ofishin gwamna. Ranar 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe. Kulkin 'yan sandan Wallace ya taimaka wajen haifar da ita fiye da jawabin kowane sanata.

Tsarin mulkin Alabama na lokacin bai yarda gwamna ya yi wa'adi biyu a jere ba. Ya nemi majalisa ta gyara, ta ƙi. Sai ya tsayar da matarsa Lurleen a 1966, ya ce shi zai zama mai ba ta shawara a kan albashin dala ɗaya a shekara. Kowa ya san wa zai yi mulki. Ta ci da gagarumin rinjaye. Abin da yawancin masu zaɓe ba su sani ba shi ne tana fama da cutar daji, wadda tun 1961 likitoci suka sanar da mijin alamunta ya ɓoye mata. Ta rasu a kan mulki ranar 7 ga Mayu 1968, lokacin shi yana tsakiyar neman shugabancin ƙasa.

Takarar 1968 ita ce ƙololuwar tasirinsa. Ya kafa tasa jam'iyya, American Independent Party, ya sami shiga takardar zaɓe a duk jihohi 50. Bai yi zaton zai ci ba. A Amurka wakilan zaɓe 538 ne ke naɗa shugaba, kowace jiha da rabonta, kuma sai ɗan takara ya sami 270. Lissafin Wallace shi ne ya kwashe wakilan Kudu yadda Richard Nixon da Hubert Humphrey duk za su gaza, sannan a zo a same shi a yi ciniki, farashinsa kuwa a dakatar da aiwatar da dokokin 'yancin baƙaƙe.

A wannan yaƙin ne ya ƙware a abin da ya bar wa na baya gado. Ya daina ambaton launin fata kai tsaye. Sai ya koma maganar doka da oda, da masu tarzoma a birane, da masu zaman banza suna cin kuɗin tallafi, da alƙalan tarayya, da malaman jami'a masu tsinin kai waɗanda ya ce ko keke ba su iya ajiyewa daidai ba. Ya ce duk ɗan zanga-zangar da ya kwanta a gaban motarsa, ita ce mota ta ƙarshe da zai kwanta a gabanta. Ya ce tsakanin manyan jam'iyyun biyu babu bambancin ko sisin kwabo. Yana son a kawo masu yi masa ihu a taro, don da su yake hura wutar magoya bayansa. Direban tasi da mai walda da ɗan sanda suka ji ga wanda ke magana da yawunsu, kuma ba duk kokensu ne ƙarya ba: 'ya'yansu ake kaiwa yaƙin Biyetnam yayin da 'ya'yan masu hali ke fakewa a jami'a. Gwanintarsa ita ce ya ɗauki koke na gaskiya ya nuna wa mai shi maƙwabcinsa baƙar fata a matsayin sanadi. A watan Satumba ƙuri'ar jin ra'ayi ta ba shi kashi 21 cikin ɗari.

Sai ya ɗauko Janar Curtis LeMay, wanda shi Wallace ya yi aiki a ƙarƙashinsa a yaƙin Japan, a matsayin mataimaki. A taron 'yan jarida na farko a Pittsburgh, janar ɗin ya shiga bayanin cewa mutane sun cika tsoron makamin nukiliya, Wallace na gefe yana ƙoƙarin katse shi. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka bazama suna tuna wa mambobinsu ƙarancin albashi a Alabama. Duk da haka ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan 10, kashi 13.5 cikin ɗari, da jihohi biyar: Alabama da Arkansas da Georgia da Louisiana da Mississippi, da wakilai 46. Nixon ya sami 301. Tun daga lokacin babu ɗan takarar wata jam'iyya ta uku da ya sake cin ko jiha ɗaya. Nixon ya karanci darasin da kyau, ya ari kalmomin ya goge musu ƙura, kuma Kudu da ta shafe kusan shekara ɗari tana bin Dimokurat ta fara komawa Rifablikan.

Tsoron da Nixon ke yi masa ya kai a 1970 mutanensa suka zuba dala 400,000 a asirce don taimaka wa Gwamna Albert Brewer ya kayar da shi a zaɓen fidda gwani na gwamnan Alabama. Brewer ya zo na ɗaya a zagayen farko. A zagaye na biyu 'yan Wallace suka watsa takardu ɗauke da hoton wata yarinya farar fata kewaye da yara maza baƙaƙe, suka ci mutuncin iyalin Brewer, suka yi ta gargaɗin cewa ƙuri'ar baƙaƙe za ta ƙwace jihar. Wallace ya ci. A 1972 ya dawo Dimokurat, ya hau kan batun kwasar yara a motocin bas zuwa makarantun wasu unguwanni don a cakuɗa su, ya lashe Florida. Ranar 15 ga Mayu a garin Laurel na jihar Maryland ya gama jawabi, ya tuɓe kwat, ya fito daga bayan teburinsa mai sulke don gaisawa da jama'a. Wani matashi mai shekara 21, Arthur Bremer, ya buɗe masa wuta. Ba don baƙaƙen fata ya yi ba, suna kawai yake nema, kuma da farko Nixon yake bibiya bai samu dama ba. Harsashi ɗaya ya maƙale a ƙashin bayan Wallace. Washegari ya ci Maryland da Michigan yana kwance a asibiti, amma bai sake taka ƙafarsa ba.

Cikin waɗanda suka je duba shi har da Shirley Chisholm, mace baƙar fata ta farko a majalisar wakilai, wadda ita ma take takara a shekarar. Magoya bayanta sun yi fushi da ita. An ce ya yi kuka. Ya sake cin gwamna a 1974, ya sake gwada shugabanci a 1976, Jimmy Carter ya kayar da shi a Florida, aka rufe wannan babi.

Daga ƙarshen shekarun 1970 ya shiga neman gafara. A 1979 aka tura shi a keken guragu cikin cocin Dexter Avenue, inda King ya yi limanci, ya ce ciwo ya koya masa abin da ya jawo wa wasu. Ya kira John Lewis ya roƙe shi. A 1982 ya tsaya takara karo na ƙarshe, ya kayar da magajin garin Montgomery, Emory Folmar na Rifablikan, da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙuri'un baƙaƙen fata, mutanen da dokar 1965 ta ba ƙuri'a ba da son ransa ba. Ya naɗa baƙaƙe a muƙamai fiye da duk gwamnan da ya gabace shi. Ya sauka a Janairun 1987 bayan shekara 16 jimilla a kujerar.

Tuba ce ta gaskiya ko lissafi? Hausawa na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma a 1982 babu mai cin zaɓen Dimokurat a Alabama ba da baƙaƙe ba. Mutumin da ya ƙirga ƙuri'a a 1958 ya rungumi 'yan Klan, zai iya ƙirgawa a 1982 ya rungumi limaman coci. Sai dai ya ci gaba da roƙon gafara bayan ya bar siyasa, lokacin da kurumta da ciwo suka gama cin sa, babu kuma wata ƙuri'a da yake nema. A 1995 ya tari masu tunawa da tattakin Selma a Montgomery. A 1996 ya nemi afuwar Vivian Malone ido da ido. John Lewis, wanda ya fi kowa haƙƙin riƙe shi, ya ce ya yafe. Ba ni da hurumin ƙin abin da mai tabo a kai ya karɓa. Amma gafarar mutum ɗaya ba ta kwashe abin da ya shuka a zukatan miliyoyi.

Ya mutu a Montgomery ranar 13 ga Satumba 1998. Shekara biyu bayan haka aka tambayi mutanen Alabama ko a cire haramcin aure tsakanin fari da baƙi daga tsarin mulkin jihar, kusan kashi 40 cikin ɗari suka ce a bar shi. Sashen da ya wajabta raba makarantun yara bisa launin fata kuwa, ko da yake ya daɗe da daina aiki, an kai shi gaban masu zaɓe a 2004 da 2012 ba a yi nasarar goge shi ba. Sai a 2022 aka cire shi.